Layuka a tsaye a jikin duk abin da na buga da firintar 3D: daga ina suke fitowa?

Mai Akwatin Sola:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka riga ni shiga wannan harkar.

Aikin sola nake yi a Kano, kuma abin da ya sa na sayi firinta shi ne ƙananan kayan da ba a samun daidai girmansu a kasuwa: murfin mita, gidan fiyus, da 'yan maƙalan da ake riƙe waya da su a bango. Injin na hannu ne, haɗin gida, wanda ya sayar min shi ne ya harhaɗa shi da kansa bisa tsarin firintar nan da ake kira Ender 3. Gado, wato farantin da ake buga abu a kansa, yana gaba yana baya, kai mai fitar da narkakkiyar roba yana hagu yana dama a kan tayoyin roba, bel mai haƙori ne ke jan su. Nozil, wato bakin da roba ke fitowa, milimita 0.4 ne. Da manhajar Cura nake yanka zane hawa-hawa, zaren robar PLA baƙi mai ƙyalli nake sawa, zafin nozil digiri 205, na gado 60, kaurin kowane hawa milimita 0.2, bangon waje kuma a kan gudun milimita 25 a daƙiƙa.

Matsalar ita ce duk akwatin da ya fito, sai ka ga layuka a tsaye sun jeru a jikinsa tun daga ƙasa har sama, tudu da kwari, kamar kwanon rufi amma ƙanana sosai. Idan ka kalle shi gaba da gaba ba ka cika gani ba. Amma ka haska tocila daga gefe, sai su fito reras, kuma idan ka ja farce a kai za ka ji yana ƙir-ƙir-ƙir. Sun fi yawa a fuskar gaba da ta baya. A gefen hagu da dama akwai su, amma sama-sama. Ba a kusurwa kaɗai suke ba, bangon gaba ɗaya suka cika, kuma ƙarfinsu ɗaya ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Akwatin bai rasa ƙwari ba, murfi yana zama daidai, ramukan noti duk suna inda ya kamata. Sai dai abu ne da ake kafawa a falon mutum kusa da inbata, kuma baƙar roba mai ƙyalli ba ta ɓoye komai. Ina so abin da zan sa a gidan mutane ya fito da kyau.

Na rage zafi zuwa 195, na canza naɗin zare, na sake daidaita gado, na kuma ƙara ɗaure bel. Babu wanda ya kawo sauƙi. Na rage gudu ma zuwa 20, sai na ga kamar layukan sun ƙara fitowa. Kafin in fara kashe kuɗi a kan kayan gyaran da ban tabbatar su ne matsalar ba, don Allah wa ya taɓa cin karo da irin wannan?

Ɗan Kakuri:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ni da na samu ratsi-ratsi a nawa, doguwar sandar nan mai zare da ke ɗaga kai sama ce ta lanƙwashe. Ka cire ta ka mirgina ta a kan gilashi, idan ba ta miƙe ba za ka ga tana ɗingishi. Ka duba mahaɗin da ke tsakaninta da moto ko ya karkace, sannan ka ɗan sassauta ƙananan sukurori biyun da ke riƙe notin tagulla, kada a ɗaure su tamau, a bar masa ɗan wurin motsi. Irin wannan sandar takan ɗaga kai milimita 8 a juyi ɗaya, shi ya sa nawa ratsin yake maimaita kansa duk bayan milimita 8. Ka goge ta ka sa mata giris kaɗan.

Injiniya Zariya:

Malam Ɗan Kakuri, maganin da ka kawo daidai ne, amma na wata cutar ce daban. Ratsin da sandar Z, wato wannan mai ɗaga kai sama, ke haddasawa a kwance yake, yana zagaye abin da aka buga kamar yadda hawa-hawan suke, yana maimaita kansa yayin da ake hawa sama. Shi kuma ɗan'uwanmu ya ce nasa a tsaye suke, daga ƙasa zuwa sama. Ma'ana a kowane hawa, abu ɗaya yana faruwa a wuri ɗaya yayin da kai ke tafiya a kwance. Sandar Z a tsaye cik take a lokacin, ba ta juyawa. Don haka a X (tafiyar hagu da dama) da Y (tafiyar gaba da baya) za a nemi mai laifin, ko kuma a yadda aka yanka zanen.

Mai Akwatin Sola, kada ka sayi komai tukuna. Ka ɗauko rula ko ma'aunin baniya, ka ƙirga tazara goma tsakanin layukan ka auna tsawonsu gaba ɗaya, sannan ka raba gida goma. Auna ɗaya tak ba ya ba da amsa mai kyau domin sun yi ƙanƙanta. Wannan lambar ita ce za ta nuna maka inda za ka duba, saboda kowane sashe na injin yana da tasa tazarar.

Bel ɗin da ake sa wa waɗannan injuna, wanda ake kira GT2, tsakanin haƙori da haƙori milimita 2 ne. Idan ka samu milimita 2 daidai, to haƙoran bel ne suke bugawa a wani wuri. Fulin da ke kan moto yawanci haƙori 20 gare shi, wato juyi ɗaya milimita 40 ke nan. Moton kuma taku 200 yake yi a juyi, digiri 1.8 kowane taku, don haka cikakken taku ɗaya milimita 0.2 ne. Zagayen wutar da ke juya moton yana cika ne duk bayan taku huɗu, wato milimita 0.8. Idan layukan sirara ne ƙwarai, a kusa da 0.8 ko ƙasa da haka, daga moto ne ko direbansa, wato ɗan guntun da ke kan bod mai ba moto wuta. Idan ƙulli ɗaya ne yake fitowa duk bayan milimita 40, fulin ne ba ya juyawa a tsakiya. Idan kuma tazarar ta kai wajen santimita 7, ɗaya daga cikin tayoyin robar nan ce ta lotse a gefe ɗaya. Takan lotse idan an matse notin daidaita ta da yawa aka bar injin a ajiye. Wannan ma da hannu za ka ji shi: ka kashe wuta, ka tura kan a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe, za ka ji yana ɗan tsayawa yana wucewa.

Akwai kuma jijjiga, wadda ita ce mutane suka fi saurin zargi. Ita alamarta daban ce. Tana farawa ne bayan kusurwa ko rami ko harafi, layin farko mai zurfi, na biyu bai kai shi ba, a haka har su ɓace. Kai ne yake ci gaba da rawa bayan ya sha kwana. Ka ce naka ƙarfinsu ɗaya ne a duk faɗin bango, don haka ba na zaton ita ce. Amma ga yadda za ka tabbatar: ka buga abu ɗaya sau biyu, ɗaya a gudun 25, ɗaya a 50. Jijjiga tana tafiya ne da lokaci, injin yana rawa sau kaza a daƙiƙa ko da wane gudu yake, saboda haka idan ka ninka gudu, tazarar layukan za ta ninka. Misali injin da ke rawa sau 40 a daƙiƙa, a gudun 50 zai ba ka tazarar milimita 1.25, a gudun 25 kuma rabin haka. Shi kuwa bel da moto da taya, da nisa suke tafiya. Ko ka yi gudu ko ka yi a hankali, milimita 2 tana nan a milimita 2.

Gwaji na ƙarshe da nake so ka yi: ka juya akwatin a Cura digiri 45, ya tsaya a karkace a kan gado. Yanzu kowane bango moto biyu ne ke zana shi tare, kuma kai sai ya yi tafiyar kusan milimita 2.8 a jikin bango kafin bel ya ci haƙori ɗaya. Idan tazarar ta tashi daga 2 ta koma 2.8, magana ta ƙare.

Ka dawo mana da lambobin.

'Yar Damagaram:

Sannunku da ƙoƙari. Injiniya ya gama da ɓangaren ƙarfe, ni zan ƙara abin da ke fitowa daga kwamfuta, domin kyauta ake gwada shi.

Cikon ciki, wato ragar robar da firinta ke cika tsakiyar abu da ita, yakan nuna kansa a waje. Duk inda layin ciko ya zo ya taɓa bango, yana ɗan tura shi, kuma tunda a wuri ɗaya yake taɓawa a kowane hawa, sai ya zama layi a tsaye. Ya fi faruwa idan bango biyu ne kawai. Ka buga akwatin babu ciko ko kaɗan, ko kuma da tsarin bango ɗaya mai murɗawa sama wanda ake yin tulun fure da shi. Idan layukan suka ɓace, sai ka mayar da bango uku, ka rage shigar ciko cikin bango zuwa kashi 10 ko 15, ka kuma sa a fara buga bangon waje kafin na ciki. Idan da a jikin abu mai zagaye ne, da sai in ce ka duba fayil ɗin zanen, wato STL, domin da'irar da aka fitar da gefuna kaɗan takan fito da fuska-fuska a tsaye. Naka bangon a miƙe yake, wannan bai shafe ka ba.

Na biyu ya shafe mu da ke fama da ɗaukewar wuta. Tsarin nan da ke sa injin ya ci gaba daga inda ya tsaya idan wuta ta dawo, yana rubuta matsayinsa ne a katin SD yayin da ake aiki. A wasu injunan kan yakan ɗan dakata lokacin rubutun, roba ta ɗigo, sai ka samu jerin ƙuraje. A Marlin, manhajar da ke cikin bod ɗin injin, da umarnin M413 S0 ake kashe shi. Kai mai sola ne, ka jona injin a inbata ka kashe shi ka ga bambanci. Sai dai shi ƙuraje yake bari, ba layuka masu tsari ɗaya ba.

Sannan ƙura. Lokacin hunturu ina share kwarin da tayoyi ke bi kusan kullum. Ƙura takan haɗu da garin robar da taya ke zubarwa ta daskare a jikin taya, ta kuma cika tsakanin haƙoran fuli. Tsohon buroshin haƙori ya wadatar. Kada ka sa wa tayoyin roba mai, ƙura zai ƙara kamawa.

Wani abu daban da ba ka tambaya ba, Yaya: PLA yana fara laushi tun daga wajen digiri 60. Gidan fiyus da zai zauna kusa da inbata, ko a ɗakin batir a watan Afrilu, ni da zaren PETG, wanda ya fi jure zafi, zan yi shi.

Mai Akwatin Sola:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Ga abin da na samu.

Na ƙirga tazara goma a fuskar gaba, ma'auni ya nuna milimita 20 cif. A gudun 25 haka, a gudun 50 ma haka, tazarar ba ta motsa ba, sai dai a 50 kwarin bai yi zurfi kamar na 25 ba. Na buga babu ciko, layukan suna nan. Da na juya shi digiri 45, tazara goma ta ba ni milimita 28 da 'yan kai. Injiniya, lissafinka ya fito daidai.

Da na kashe wuta na cire wayar moton X na tura kai da hannu, ban ji lotsewar taya ba, amma akwai wani gurr-gurr da yake shigowa yatsuna, kuma daga ƙarshen dama yake fitowa, inda bel ke juyawa ya dawo. Na haska wurin. Boris biyu ne masu santsi aka haɗa baya da baya, kuma ɓangaren haƙoran bel ne yake hawa kansu. Ina turawa ina kallo, kowane haƙori sai ya hau ya danne sannan ya sauka. Bel ɗin na X fari ne, kuma a inda aka yanke shi ina ganin ƙananan wayoyin ƙarfe a ciki. Na Y baƙi ne, babu ƙarfe. A daidai inda farin ke yawan lanƙwasa a kan fuli, ya ɗan yi wani murguɗe, kuma idan na kama shi da yatsu biyu na ja, wurin yana ɗan miƙewa fiye da sauran.

Ko wannan ne ya sa fuskar gaba da baya suka fi muni? Me zan fara canzawa?

Ƙanwata 'Yar Damagaram, na ji maganar PETG, kuma na karɓa. Fulin ma na same shi cike da ƙura, na goge.

Injiniya Zariya:

Shi ne. Fuskar gaba da ta baya moton X ne ke zana su, na gefe kuma Y. Duk lokacin da haƙori ya hau boris mai santsi, jan bel yana ɗan ƙaruwa ya ragu, gudun kai yana ɗan canzawa, ita kuwa roba tana fitowa daga nozil a kan ƙa'ida ɗaya. Inda kai ya ɗan yi jinkiri roba ta taru ta yi tudu, inda ya ɗan yi sauri ta yi kwari. Ƙara ɗaure bel yana ƙara danna haƙoran a kan boris ne, shi ya sa ba ka ga sauƙi ba.

Ka fara da bel. Mai wayar ƙarfe an yi shi ne don manyan fuli da dogon zango. A kan ƙaramin fuli mai haƙori 20, wayoyin suna lanƙwasa suna miƙewa har su karye a ciki, kuma wurin da ka ce yana miƙewa alamar sun riga sun karye ne. Ka nemi baƙi mai zaren gilashi a ciki, faɗin milimita 6. Na biyu, ka cire boris masu santsin ka sa fulin banza, wato wanda ba moto ke juya shi ba, mai haƙori 20, wanda yake da boris a cikinsa, don haƙori ya shiga cikin haƙori. Ka auna kaurin sukurun da zai ratsa shi kafin ka saya, akwai mai ramin milimita 3, akwai mai 5. Ka tabbatar shi da fulin moto suna kan layi ɗaya, kada bel ya riƙa gogar gefe. Ƙananan sukurori biyu na fulin moto kuma, ɗaya ya zauna a kan shafaffen gefen sandar moton.

Wajen ɗauri, ka ja har sai ya daina lilo, idan ka taɓa shi da yatsa ya ba da sauti mai kauri. Idan sautin ya yi siriri, ka wuce wuri, kuma boris ɗin moto ne zai sha wahala. Bayan haka ka ɗaga gudun bangon waje zuwa 40 ko 50. Irin waɗannan layukan suna da gudun da suka fi fitowa a kai, yawanci a ƙananan gudu, kuma kowane inji da nasa. Ka buga doguwar hasumiya kana canza gudu duk bayan milimita 10 na tsawo, ka zaɓi inda ya fi santsi. Idan ƙarin gudun ya jawo jijjiga a kusurwa, ka bar saurin ɗaukar gudu a kan 500. Marlin daga 2.1.2 yana da tsarin kashe jijjiga, Klipper, wata manhajar irinsa, ma yana da shi, amma ka sani cewa jijjiga kaɗai suke magani, ba sa taɓa layin haƙorin bel.

Mai Akwatin Sola:

Na dawo da rahoto. Na sa baƙin bel mai zaren gilashi a X, na sa fuli mai haƙori a X da Y duka, na sassauta ɗaurin kamar yadda aka ce. Gurr-gurr ɗin da nake ji a hannu ya tafi. A hasumiyar gwaji, tsakanin 45 da 50 ne ya fi kyau, sai na tsaya a 45. Layukan milimita 2 ba na jin su da farce yanzu, da tocila ma sai na kwantar da hasken sosai kafin in ga inuwarsu.

Abin da ya rage wasu ne sirara ƙwarai waɗanda a da manyan suka rufe su. Tazara goma ta ba ni kusan milimita 8, wato na moton da Injiniya ya ambata. A baƙin zare mai ƙyalli kaɗai ake ganinsu, da na gwada da toka marar ƙyalli ban ga komai ba. Direbobin da ke kan bod ɗina A4988 ne, masu ƙarar nan. Idan na koma direban TMC2209 layukan za su tafi, ko sai an canza moton?

Injiniya Zariya:

TMC2209 zai rage ƙara sosai, yakan kuma ɗan sassauta layukan, amma ba na yi maka alkawarin zai share su, domin wani ɓangaren daga ƙirar moton kansa yake. Abin da ya fi tasiri shi ne moto mai digiri 0.9, taku 400 a juyi, wanda ke raba tazarar biyu ta koma 0.4. Idan ka sa shi, dole ka ninka takun kowace milimita daga 80 zuwa 160, da umarnin M92 X160 Y160 sannan M500 don ya adana, in ba haka ba komai zai fito rabin girmansa. Ka kuma daidaita wutar direba da abin da aka rubuta a jikin sabon moton. Kafin nan ka taɓa motocin da kake da su bayan awa ɗaya suna aiki. Idan ba ka iya barin hannunka a kai saboda zafi, wutar ta yi yawa, kuma rage ta kaɗan yakan rage waɗannan layukan ba tare da ka sayi komai ba. Ga akwatunan da kake yi, ni zan fara da wannan, in koma PETG marar ƙyalli, in bar motocin yadda suke.